Barbara McClintock, Matar Da Ta Karanci Gado A Jikin Masara

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla tamu, ina so ku ba ni aron hankalinku in ba ku tarihin wata Baturiya 'yar ƙasar Amurka, wadda ta yi fiye da shekara sittin tana bin kunyoyin masara, har daga ƙarshe duniya ta sallama mata. Sunanta Barbara McClintock. Amma kafin in shiga labarinta, ya kamata in faɗa muku yadda aka yi na san ta.

A hutun kakar da ta wuce ina gida, a garinmu Madachi cikin ƙasar Rano, muna zaune tsakar gida muna ɓare masara, sai na ci karo da wani goyo mai ban sha'awa. Wasu ƙwayoyinsa farare ne, wasu rawaya, sa'an nan akwai 'yan kaɗan masu ɗigo-ɗigon shuni kamar jikin zabuwa. Na ɓoye shi cikin akwatina, da muka komo makaranta na kai wa malamarmu ta bayoloji. Ta jujjuya shi, ta gaya mini cewa fari da rawayan nan ba wani abin mamaki ba ne, iska ce ta kwaso bununi, watau ƙurar furen masara, daga gonar maƙwabci ta zuba a kan gemun tamu. Amma ɗigo-ɗigon da ke jikin ƙwaya guda, wannan wata magana ce dabam, don kuwa irinsa ne ya jawo wa wata mata lambar yabon da ta fi kowace girma a fagen kimiyya. Ta ara mini littafi, na duƙufa a kansa. Ina cikin karatu sai na tarar da abin da ban zata ba, watau bayanin da ya tuna mini da wata gwaggona da irin wahalar da ta sha a gidan aurenta na fari. Zan komo kan wannan nan gaba.

ASALINTA DA ƘURUCIYARTA

An haifi Barbara ran 16 ga watan Yuni, 1902, a garin Hartford cikin Jihar Connecticut. Mahaifinta, Thomas McClintock, likita ne, sunan mahaifiyarta kuwa Sara. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya huɗu. Da fari an raɗa mata suna Eleanor, daga baya iyayen suka ga sunan bai dace da halinta ba, suka sake mata. Da yake a lokacin mahaifin bai daɗe da fara aiki ba, kuma aljihu ba nauyi, tun tana 'yar shekara uku aka kai ta riƙo wurin dangi, ta zauna can har ta isa shiga makaranta. A 1908 iyalin duka suka ƙaura zuwa Brooklyn, cikin birnin Niyok.

Tun tana ƙarama yarinya ce mai son kaɗaici, takan zauna ita kaɗai ta yi ta tunani, in kuwa wasa ya tashi sai ka gan ta cikin yara maza. Ta gama sakandare a makarantar Erasmus Hall a 1919, ta ce ita sai jami'a. Nan fa aka yi ta jan zare a gida. Mahaifiyarta na gudun kada ilmi mai zurfi ya hana ta samun miji, ga kuma rashin kuɗi. Ana cikin haka mahaifin ya komo daga Faransa, inda ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya goyi bayanta. Aka sa ta a Kwalejin Aikin Gona ta Jami'ar Cornell, wadda 'yan Jihar Niyok ba sa biyan kuɗin karatu a cikinta a wancan lokacin. Mu 'yan mata da ke wannan makaranta mun san irin wannan muhawara, don yawancinmu an yi ta a kanmu kafin a saya mana akwati.

KARATUNTA A CORNELL

A 1921 ta shiga darasin ilmin gado, watau ilmin yadda 'ya'ya ke ɗauko kamannin iyaye. Malamin darasin, C. B. Hutchison, ya lura da kaifin basirarta, a 1922 ya buga mata waya ya gayyace ta ajin manyan ɗalibai. Daga nan ba ta sake waiwayen wani fanni ba. Ta sami digiri na fari a 1923, na biyu a 1925, na dakta kuma a 1927, tana da shekara 25.

A nan dole in tsaya in yi ɗan bayani, don iyayenmu su bi mu. Mun saba cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to amma ina gadon yake ɓoye? Jikin mutum da na dabba da na tsiro duk an gina su da 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom. Ku ɗauke su kamar zaren duwatsun wuya: kowane dutse da aka jera a zaren umarni ne guda, wani na launin fata, wani na tsawo, wani na irin jini. Zarurrukan nan tagwaye suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mutum yana da 46, watau tagwaye 23. Masara tana da 20, watau tagwaye 10.

Lokacin da Barbara ta fara aiki, an san adadin zarurrukan masara, amma ba mai iya bambanta wannan da wancan. Masu bincike suna yanka saiwa suna dubawa. Ita kuwa sai ta koma kan ƙwayoyin furen da ke zama bununi, ta gyara hanyar rina su da wani jan rini, ta latse su a kan gilashi. Da haka ta gane kowane zare da tsawonsa da ƙulle-ƙullen da ke jikinsa, kamar yadda makiyayi ke sanin shanunsa ɗaya ɗaya. A 1929 ta buga sifar dukan goman, aka ba su lambobi daga 1 zuwa 10.

Kada ku zaci aikin zaman ofis ne. A garin Ithaca, inda jami'ar take, sau ɗaya ake noman masara a shekara saboda sanyi. Da hannunta take shuka, ta yi ban ruwa, ta sa wa kowane kara lamba. Kafin gemu ya fito sai ta rufe goyon da jakar takarda don kada iska ta kawo baƙon bununi, sa'an nan da sassafe ta ɗebo bununin karan da ta zaɓa ta barbaɗa da kanta. In fari ko ambaliya ta ci gonar, aikin shekara guda ya tafi. Masu binciken gado a jikin ɗan ƙudan 'ya'yan itace kuwa, cikin mako biyu suke samun sabon zuri'a. Ita ta zaɓi mai wuyar, ta kuwa yi sa'ar abokan aiki a ƙarƙashin Farfesa Rollins Emerson, irin su Marcus Rhoades, da Charles Burnham, da George Beadle wanda shi ma ya sami lambar Nobel a 1958.

MASARA MAI RABIN HAIHUWA

Ga inda labarin ya fara shafarmu. Masu bincike sun lura da wata masara wadda karanta lafiyayye ne, ganye shar, amma in ta yi goyo sai a ga kusan rabin gurabun ƙwayoyin ba kome, rabin bununinta kuma holoƙo ne. Burnham yana nazarin irin wannan masara, Barbara ta sa ƙwayoyinta a madubi. A 1930 ta nuna abin da ke faruwa. Zare biyu ne, mai lamba 8 da mai lamba 9, suka tsinke, wajen ɗaurewa sai suka yi musayar wutsiya: guntun 8 ya koma jikin 9, guntun 9 ya koma jikin 8.

To, me ya sa karan bai yi ciwo ba? Saboda ba dutsen da ya ɓace, wuri kawai suka sake. Matsalar ba ta tashi sai ran rabo. Kun san iyaye ba sa ba ɗa dukan zarurrukansu, rabi suke bayarwa, ɗaya daga kowane tagwaye. Kafin rabon, kowane zare yakan nemi ɗan'uwansa su jeru. A wannan masara kuwa, da yake an yi musaya, sai zare huɗu su haɗu wuri guda su yi sifar mararraba, Barbara ta gan ta ƙarara a madubi. Daga mararrabar nan rabo iri huɗu ne ya fi fitowa. Ko a ba ɗa lafiyayyun zare biyun, ya fito ba kome. Ko a ba shi masu musayar duka biyu, ya fito lafiya amma yana ɗauke da abin kamar mahaifinsa. Ko kuma a haɗa masa lafiyayye ɗaya da mai musaya ɗaya, ta nan ko ta can, sai wasu duwatsun su ninku, wasu kuma su rasu gaba ɗaya. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne ba sa rayuwa, su ne gurabun da ake gani a jikin totuwa. Amma kada wani ya je gonarsa ya ga goyo mai giɓi ya ce ya gano musaya, don a wurinmu yawanci ƙarancin ruwa ne ko rashin isasshen bununi ke kawo haka.

A shekara mai bi, 1931, ita da ɗalibarta Harriet Creighton suka yi amfani da wannan zare mai lamba 9 suka warware wata tsohuwar gardama. Zaren yana da ƙulli a kai ɗaya, da guntun 8 a ɗaya kan, watau yana da shaida gaba da baya. Suka bi shi cikin zuri'a, suka nuna cewa duk lokacin da halayen iyaye biyu suka cakuɗu a jikin ƙwaya, kamar launi da irin garin da ke cikinta, to tagwayen zaren ma sun yi musayar gaɓa da gaske, ana gani da ido. Wannan yana cikin dalilan da suka sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa zama kamar an tsaga kara. Har yau ana koyar da wannan gwaji a jami'o'in duniya.

SHEKARUN YAWO

Duk da wannan suna da ta yi, ba ta sami kujerar dindindin a Cornell ba, don a zamanin ba a saba ba mace irin wannan matsayi a sashen ba. Ta yi ta yawo da kuɗin tallafin bincike. A daminar 1931 da ta 1932 ta je Jami'ar Missouri wurin Lewis Stadler, wanda ke haska bununi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken yana tsinka zarurruka, ita kuwa tana bin sawun abin da ya biyo baya. Ta ga inda guntu ya yanke ya ɓace, da inda ya juye kai ya koma gindi, da inda ya ƙaura zuwa wani zare, har da inda bakin zare biyu suka haɗe ya zama zobe. A 1933 ta tafi Jamus, ta tarar 'yan Nazi sun karɓi mulki suna korar Yahudawa daga jami'o'i. Abin ya dame ta ƙwarai, ba ta cika wa'adinta ba ta komo gida.

A 1936 ta sami aikin koyarwa a Missouri. A can ta gano wani abu da likitocin sankara ke amfani da shi har gobe. Ta lura cewa bakin zare na asali ba ya manne wa kome, kamar igiyar da aka ɗaure bakinta don kada ta warware, amma bakin da ya tsinke yana da danƙo, yana neman abin da zai kama. In ƙwaya ta kwafi zare mai tsinkakken baki, sai bakunan biyu su manne. Sa'ad da ƙwayar za ta rabu biyu, wannan ɓangare ya ja, wancan ya ja, kamar yara masu wasan jan igiya, zaren ya miƙe kamar gada, ya sake tsinkewa a wani wuri dabam. Haka za a yi ta yi, tsinkewa, mannewa, gada, kowane zagaye yana ƙara dagula jerin duwatsun. Ta kuma ga cewa a jikin ɗan tsiron da ke cikin ƙwaya, tsinkakken bakin yakan warke. Murfin nan na bakin zare shi ake kira telomiya, kuma masana uku da suka gano yadda yake aiki sun sami lambar Nobel a 2009.

Amma zaman Missouri bai yi mata daɗi ba. Ba a kiranta taron malamai, ba ta kuma ga alamar ƙarin girma ba. Ita ma ba mai lanƙwasa harshe ba ce, in ta ga kuskure sai ta faɗa. An ce wata rana ta manta mabuɗi, sai kawai ta haura ta taga ta shiga ɗakin bincikenta. A 1941 ta tattara kayanta ta bar wurin, ba tare da ta san inda za ta ba.

DUWATSU MASU TSALLE

A ƙarshen 1941 Milislav Demerec ya ba ta wuri a Cold Spring Harbor, wata cibiyar bincike da ke bakin teku kusa da Niyok, a ƙarƙashin Cibiyar Carnegie. Aka ba ta fili da ɗakin aiki, ba koyarwa, ba mai sa ta ba mai hana ta. Nan ta zauna shekara hamsin. A 1944 aka zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka, ita ce mace ta uku da ta taɓa shiga, a 1945 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana ilmin gado ta ƙasar.

A daminar 1944 ta shuka masarar da zarenta mai lamba 9 ya sha tsinkewa da mannewa. Abin da ya tsiro ya zo da zane-zane da ɗigo-ɗigo iri iri a ganye da ƙwaya. Ta lura zaren yana yawan tsinkewa a wuri guda, ta sa wa abin da ke wurin suna Ds. Ta kuma gano ba ya aiki sai in wani, wanda ta kira Ac, yana nan. Da ta ci gaba da bin su shekara bayan shekara, a 1948 sai ta ga abin da ba wanda ya taɓa tsammani: Ds da Ac ba sa zama wuri ɗaya, sukan tashi daga nan su sauka can, har daga wani zare zuwa wani.

Ga yadda ɗigon ke samuwa. In mai tsallen nan ya sauka a tsakiyar umarnin da ke ba ƙwaya launin shuni, sai umarnin ya toshe, ƙwayar ta fito fara. Tana cikin girma, in ya sake tashi a wata ƙwayar halitta, sai launin ya komo a wurin da duk abin da ya tsiro daga gare ta. In da wuri ya tashi, ɗigon ya yi faɗi, in ya makara, ya zama ɗan tsito. Watau ƙwayar masara guda tana ɗauke da tarihin abin da ya faru a cikinta, ga mai iya karantawa.

Ta buga wannan a 1950, ta kuma yi bayaninsa gaban taron masana a Cold Spring Harbor a 1951. Kaɗan ne suka fahimta. A lokacin kowa ya yarda duwatsun gado a kafe suke, kowane da gurbinsa. Ba wai sun raina ta ba ne, don sun san ba ta faɗin abin da ba ta gani ba. Wasu sun ɗauka wata al'ada ce ta masara kaɗai, wasu kuma ba su yarda da fassararta ba, cewa masu tsallen nan su ne ke kunna umarni da kashe shi sa'ad da halitta ke girma. Da ta ga haka, daga 1953 sai ta rage bugawa a manyan mujallu, amma ba ta fasa shuka ba, ba ta kuma fasa rubuta abin da ta gani ba. Daga 1957 ta riƙa zuwa ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, mahaifar masara, tana nazarin irin na gargajiya tana koyar da matasa.

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin na 1970 aka gano masu tsallen nan a jikin ƙwayoyin cuta, har aka ga suna ɗaukar ƙarfin jure wa magani daga wuri zuwa wuri. Aka same su a ƙuda, aka same su a mutum. Yanzu an san kusan rabin abin da ke cikin zarurrukan ɗan Adam asalinsa daga irinsu ne, a masara kuwa wajen kashi 85 cikin 100. Sai lambobin yabo suka yi ta zuwa. Ran 10 ga Oktoba, 1983, aka ba da sanarwar ta ci lambar Nobel ta fannin likitanci, ita kaɗai ba tare da abokin tarayya ba, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba a wannan fanni. Tana da shekara 81, kuma a rediyo ta ji, don ba ta da waya a gida. Ta ci gaba da zuwa ɗakin aikinta har kusan ƙarshe. Ta rasu ran 2 ga Satumba, 1992, tana da shekara 90. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba, sai ɗalibai da littattafan aikinta.

ABIN DA YA SHAFI LAFIYARMU

Lokacin da Barbara ke ƙirga zaren masara, ba a ma san adadin na mutum daidai ba. Sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka tabbatar a ƙasar Suwidin cewa 46 ne. Daga nan likitoci suka fara ganin abubuwan da ta riga ta sifanta a masara. A 1959 aka gano a Faransa cewa yara masu lalurar Down suna da zare mai lamba 21 guda uku maimakon biyu. A 1960 Paul Polani da abokansa a Landan suka nuna cewa a wasu yaran, ƙarin zaren manne yake a jikin wani, kuma irin wannan, wanda bai wuce uku ko huɗu cikin ɗari ba, ana iya gadonsa daga uwa ko uba mai cikakkiyar lafiya. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa wata sankarar jini musaya ce tsakanin zare na 9 da na 22, kuma sanin haka ya kai ga maganin da aka fara amfani da shi a 2001, wanda ya tsawaita ran mutane da yawa.

Mu ma nan Afirka abin ya taɓa mu. Akwai wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, wadda likita Denis Burkitt ya sifanta a Yuganda a 1958. A asibitin jami'a na Badun, a 1963, aka raya ƙwayoyin wannan ciwo daga jikin wani yaro ɗan Nijeriya, masu bincike na duniya suna aiki da su har yau. A Badun ɗin ne kuma Farfesa Victor Ngu ya yi aikin warkar da yara da magani, har ya sami lambar Lasker a 1972. A 1976 aka tabbatar cewa a wannan ciwo, yawanci zare na 8 da na 14 ne suka yi musaya. Irin wannan musaya ta sankara a jikin ƙwayoyin ciwon kaɗai take, ba a gadonta.

To, yanzu bari in komo kan gwaggona. An yi mata aure ina 'yar ƙarama. Cikin shekara biyar ta yi ɓari huɗu, duk kafin cikin ya kai wata huɗu. Ba irin jiƙe-jiƙen da ba ta sha ba. Dangin miji suka sa ta gaba, wasu su ce iska ce, wasu su ce mahaifarta ba ta riƙe ɗa, har yara na jin ana yi mata habaici a bakin rijiya. Mijin kuwa ƙato ne lafiyayye, ba wanda ya ko kalle shi. Daga ƙarshe aka ba ta takardarta, ta komo gidanmu ta rame kamar ba ita ba. Bayan shekara biyu ta sake aure, yanzu 'ya'yanta uku. Shi kuma ya auri wata, ita ma ta yi ɓari sau uku kafin ta sami ɗa guda.

Ni ba likita ba ce, kuma ba wanda ya auna jinin kowa a cikinsu, saboda haka ba zan yanke hukunci ba. Abin da na koya dai shi ne, kusan mutum ɗaya cikin 500 yana ɗauke da irin musayar nan ta masarar Burnham, yana zaune lafiya bai sani ba, mace ko namiji. A masara, bununin da rabonsa bai daidaita ba mutuwa yake yi tun kafin ya kai ga gemu. A mutum kuwa irin namiji mai wannan giɓi yana iya samar da ciki, sai daga baya cikin ya zube, a ɗora wa matar laifi. Ga wasu mazan ma yakan rage ƙarfin irin nasu. Cikin ma'aurata ɗari masu yawan ɓari, ana samun biyu zuwa biyar da ɗayansu ke ɗauke da musaya. Ban da wannan, kusan rabin ɓarin farkon ciki kuskuren zare ne da ya auku haka kawai wajen rabo, ba abin da uwar ta ci, ba abin da ta ɗauka. Sauran kuma akwai na zazzaɓin cizon sauro, da ciwon suga, da wasu cututtukan da ake magancewa. Abin farin ciki shi ne, yawancin masu ɗauke da musayar suna samun lafiyayyun 'ya'ya in an yi haƙuri, kamar yadda rabin goyon nan ke cika da ƙwaya. Har ila yau, zaman ɗa namiji ko mace daga zaren da uba ya bayar yake, saboda haka mai haihuwar 'ya'ya mata ita ma ba ta da laifi.

Don haka ina roƙon iyayenmu maza, in irin wannan jarrabawa ta sami gida, kada a tura matar asibiti ita kaɗai. Miji ya raka ta, su ga likitan mata a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba su duka biyu. Ana gane musayar zare ta hanyar gwajin jini, na miji da na mata. Haihuwa ta Allah ce, amma neman sani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu 'ya'yan manoma, mu daina ganin gona wurin wahala ce kawai. Wannan mata ba ta da wata babbar na'ura, madubi ne da jakar takarda da idon da ya saba da kowane kara a gonarta. Ilmin da ita da abokanta suka kafa yana cikin abin da masu inganta iri ke dogara da shi, har da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kusa da Zariya, masu fitar da irin masarar SAMMAZ. Goyon nan nawa yana nan a ɗakin kimiyya, malama ta rataye shi kusa da taga, duk mai so ya je ya gani. Na cire ƙwaya goma masu ɗigo na ajiye, babana kuma ya yi mini alkawarin kunya biyu a bayan gida in damina ta faɗi, har gwaggo ta ce ita za ta kula mini da su in na komo makaranta. Allah ya kai mu, ya kuma ba mu ilmi mai amfani, amin.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyar, mutuniyar Madachi.